Kwana Huɗu Cikin Mota a Tsibirin Biyoko

 An nemi in ba ku labarin tafiyata zuwa Biyoko. In na ratse ku gafarce ni, domin Basakkwacen da ya ga ruwa gabas da yamma, kudu da arewa, bakinsa ba ya rufuwa da wuri.

In kun duba taswira, kudu da Kalaba za ku ga tsibirai huɗu jere cikin teku kamar an ja musu zare: Biyoko, Firinsife, Sawo Tome da Annobon. Dukkansu aman wuta ya yi su. Narkakken dutse ya yi ta ɓullowa daga ƙarƙashin teku yana daskarewa, har ya kere ruwa. Layin nan kuwa bai tsaya a teku ba. Ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, ya bi ta tabkin Nyos, inda iska mai guba ta halaka mutum fiye da 1,700 a daren 21 ga Agusta, 1986, sa'an nan ya miƙa reshe har Biu ta Jihar Borno. Tabkin Tila da ke can bakin wuta ne da ya mutu.

Jirgin sama ya kai ni Malabo, wadda a da Sifaniyawa suke kira Santa Isabel, na ɗauki hayar mota da direba, wani dattijo ɗan ƙabilar Bubi. Ba na jin Sifaniyanci, sai muka daidaita da irin Turancin buroka nasu da ake kira Pici. Daga Malabo zuwa Luba kilomita 50 ne ko kusa da haka, kwalta sumul, teku a dama, kurmi a hagu, sojoji kuma suna tare hanya suna neman takardar izini. Kashegari muka hau tudun Moka, inda sanyi ya sa na tuna hunturun gida. Rana ta uku muka yi ta murɗa kwana har kan Basile, dutse mai tsawon mita 3,011, wanda rabonsa da amai tun 1923. Ban ga kome a can ba sai hazo. A Ureka, kudancin tsibirin, ruwan shekara yakan wuce milimita 10,000. Mu nan Sakkwato in mun sami 700 sai mu yi hamdala.

To, amma abin da ya tsaya mini a rai yana gefen hanya. Ko'ina muka bi sai ga tsofaffin gonakin koko da kurmi ya cinye, da dogayen ɗakunan leburori rufinsu ya rufta. Na tambayi direba su wa suka zauna nan, ya dube ni ya ce, "Mutanenku." Dutsen wuta in ya ruɓe yakan zama baƙar ƙasa mai albarka, ga ruwa ba yankewa, shi ya sa kokon tsibirin ya yi suna a duniya lokacin ana kiransa Fernando Po. Ƙasa ta samu, hannuwa ne babu. A 1942 Ingilishi masu mulkin Nijeriya suka ƙulla yarjejeniya da Sifaniyawa ta ɗibar 'yan ƙwadago, aka yi ta kwasar samari, yawancinsu Ibo da Ibibiyo da Efik, zuwa wurin da suke kira Panya. Aka sha jin ƙorafin bulala da ƙaramin lada. Bayan ƙasar Ikwatoriyal Gini ta sami mulkin kai a 1968, Masiyas Ngema ya hau, abin ya ƙara muni: ga hana albashi, ga duka, har da kisa. Daga ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kwaso dubban 'yan Nijeriya zuwa gida. Da suka bar gonakin, noman koko ya durƙushe, bai kuma sake komawa yadda yake ba.

Ni ban taɓa jin wannan a aji ba, na kuwa yi jarrabawar tarihi har sau nawa. Da yawanku ofis za ku zauna, takarda za ta zo gabanku a ce ku sa hannu a tura 'ya'yan mutane aiki wata ƙasa. Waccan ta 1942 ma takarda ce, da sharuɗɗanta a rubuce. Mai zuwa gona ya duba bayan lebura ne ya yi ƙaranci.

Ran da zan taso, direba ya tsaya bakin wani rafi ya tsinto mini dutse, baƙi wuluk, duk jikinsa ƙananan ramuka. Ga shi nan na zo da shi. Malam Shugaba, a fara da kai, sai a miƙa baya kowa ya taɓa, amma don Allah a dawo mini da abina.