Karayar Arziki da Makomar Motar Bashi a Dokar Amurka



An nemi in yi magana a kan abin da ke faruwa da motar da aka saya da bashi idan arzikin mai ita ya karye. Na zaɓi Amurka domin a can, in ka ɗebe 'yan manyan birane, wanda ba shi da mota da wuya ya kai kansa wurin aiki. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne: kotu tana iya sauke wa mutum bashi daga wuyansa, amma jinginar da ke kan motar tana nan daram. A kan wannan komai ya ginu.

Mu fara da halin da ake ciki kafin a je kotu. Wanda ya karɓi rance ya sayi mota, motar ce jinginarsa. A mafi yawan jihohin ƙasar, da zarar ya gaza biya, mai bin bashi yana da ikon aiko a ɗauke ta ba tare da umarnin alƙali ba, in dai ba a tayar da hankali ba: ba a fasa ƙofar gareji, ba a yi wa kowa barazana. Daga nan sai gwanjo. A ce ana bin mutum dala 18,000, motar ta fita a kan 10,000. Cikon 8,000 yana kansa, ga kuɗin janwe da na ajiya. Ko da shi ya kai makullin da hannunsa, cikon bai faɗi ba. Ba mota, ga bashi.

Dokar karayar arziki ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ita ke sauya wannan lissafi. Sashe na 362 ya ce daga ranar da mutum ya shigar da takardarsa, duk masu binsa su dakata: ba ƙwace, ba gwanjo, ba buga waya ana matsa masa. Mai bashin da ke son motar sai ya nemi izinin alƙali tukuna.

A ƙarƙashin Babi na 7, inda ake tattara abin da mutum ya mallaka a sallami masu binsa sannan a yafe saura, ana ba shi kwana 30 ya bayyana niyyarsa game da motar, kuma hanyoyi uku ne a gabansa. Ta farko ya miƙa ta. Bambancin wannan da miƙawar da na ambata ɗazu shi ne, a nan cikon yana shiga cikin basussukan da kotu za ta yafe. Ta biyu ya fanshe ta, kamar yadda Sashe na 722 ya tanada: ya biya darajarta ta yau, ba jimillar bashin ba, amma a dunƙule, lokaci ɗaya. To, wanda arzikinsa ya karye, ina zai samo dunƙulallen kuɗi? Ta uku ya sabunta alkawari, ya sa hannu cewa zai ci gaba da biya kamar bai je kotu ba. Wannan ita ce mafi haɗari, domin in ya sake gazawa, za a ɗauke motar, cikon kuma ya dawo masa, alhali sai bayan shekara 8 zai iya samun wata yafiyar ta wannan babi. Shi ya sa a ganina, in bashin ya zarce darajar motar da nisa, miƙawa ta fi sabunta alkawari, ko da zuciya ba ta so.

Babi na 13 kuwa na mai samun kuɗin shiga ne a kai a kai. Yana riƙe motarsa, ya biya bisa tsarin da kotu ta amince da shi cikin shekara 3 zuwa 5. Ana ma iya rage bashin motar ya dawo daidai darajarta. Sai dai a 2005 majalisa ta taƙaita wannan sauƙi: motar hawa da aka saya cikin kwana 910 kafin shigar da takarda, wato kimanin shekara biyu da rabi, sai an biya bashinta cif. Kuɗin ruwa ma ana iya sassauta shi. A shari'ar Till ta 2004, inda yarjejeniya ta ɗora kashi 21 cikin ɗari, Kotun Ƙoli ta karkata ga a ɗauki ma'aunin da bankuna ke ba amintattun abokan hulɗarsu, a ƙara ɗan wani abu saboda haɗarin rashin biya.

Yanzu ga tambayar da ta fi ɗaure kai: idan an riga an ɗauke motar kafin mutum ya isa kotu fa? Hukumar birnin Shikago ta kama motocin wasu mutane saboda tarar da ba su biya ba. Suka shiga Babi na 13, suka ce a mayar musu, hukuma ta ƙi. Kotunan ƙasa suka ba su gaskiya. Amma ranar 14 ga Janairu, 2021, a shari'ar Fulton, Kotun Ƙoli ta bakin Mai shari'a Samuel Alito ta ce ci gaba da riƙe abin da ke hannunka bai saɓa wa sakin layin Sashe na 362 da masu motocin suka dogara da shi ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta yarda da hukuncin, amma ta ja hankali cewa wanda aka raba da motarsa zai sha wuyar zuwa aikin da zai biya bashin da shi. Ƙofar neman a dawo da mota tana nan, sai dai hanya ce mai cin lokaci. Ke nan tazarar yini ɗaya tana iya raba mai tafiya aiki da mai zaman gida.

Kafin in zauna, bari in waiwayo gida, domin matasanmu da yawa suna karɓar mota ko a daidaita sahu a kan biya kaɗan-kaɗan. Dokar Najeriya ta 1965 kan irin wannan ciniki ta ce in mai karɓar mota ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, ƙwato ta sai ta hanyar kotu. Ko da mai ita ya janye ta don adanawa saboda an tsallake biya uku, alƙali ne zai yanke hukunci.

Kirana ga lauyoyi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi shi ne su karantar da mutanensu wannan haƙƙi. Ku kuma masu karɓa, a karanta muku yarjejeniya kafin ku sa hannu, ku adana kowane rasit, ku nemi shawarar masana tun makulli yana hannunku.