Jawabi Kan Haɗarin Tayar Da Ƙaramin Jirgin Sama Da Hannu



Duk wanda ya taɓa tayar da injin niƙa ya san yadda hannun injin kan juyo da baya ya bugi mai murzawa. To akwai ƙananan jiragen sama da ake tayarwa kusan haka. Wasu tsofaffi, irin su Piper Cub da aka ƙera a Amurka daga 1938 zuwa 1947, ba su da sitata ko kaɗan. Wasu kuma batir ne ke mutuwa. Sai mutum ya tsaya a gaba ya wurga farfela da hannu.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, injin irin wannan jirgi ba ya jiran batir kafin ya ba da wuta. Yana da wata na'ura mai suna maganeto, wadda ke haifar da tartsatsi da zarar farfela ta motsa. Makulli ba ya yin komai sai danne wannan wuta ta hanyar wata 'yar waya. In wayar nan ta tsinke, ko an kashe makulli an zare shi, injin zai iya kamawa. Saboda haka ma'aikata ke ɗaukar kowace farfela tamkar mai rai, ko da jirgin ya kwana a ajiye.

Mai wurgawa ba ya sa babbar riga ko rawani mai jela. Yana duba inda ƙafarsa take, kada ya zame a laka ko tsakuwa ya faɗa gaba. Ba ya naɗe yatsunsa a bayan farfela, domin in ta juyo sai ta karya su.

Babban ganganci kuwa shi ne mutum ya yi aikin shi kaɗai. In totur ya buɗe da yawa, jirgin kan zabura ya bi ta kansa, ko ya tafi ba matuƙi. Dole a sa waigi a tayoyi, kuma wanda ya san aikin ya zauna ciki ya taka birki.

Wannan ya shafi mutanen karkara ma. In jirgin feshin fari ko jan-baki ya sauka kusa da gari, yara kan ruga kallo. Farfela in tana gudu ido ba ya ganinta sosai. Iyaye da masu unguwa su tsayar da yara nesa, kuma kada kowa ya ce zai taya matuƙi wurgawa.