Ƙananan Ayyukan Majalisa: Abin da Ƙasar Rano da Kibiya Ta Koya Mana



Duk wanda ya taɓa zama a wurin 'yan kallo a Majalisar Dokokin Jihar Kano, can Sakatariyar Audu Baƙo, ya san yadda zama ke farawa. A shigo da sandar majalisa, a yi addu'a, a tabbatar da bayanin abin da aka yi a zaman baya, sannan Akawun Majalisa ya karanta sunan wani shirin doka a ce an yi masa karatu na farko. Kafin a zo wurin muhawara mai kallo ya fara hamma. Mu ɗalibai mun saba ɗaukar waɗannan abubuwa a kan al'ada ce kawai da Turawa suka bar mana. Abin da muka zo faɗa yau shi ne, a jihar da ba ta da majalisa ta biyu, waɗannan ƙananan ayyuka su ne kaɗai birkin da doka take da shi. Shaidarmu kuwa ba daga nesa za mu ɗauko ta ba, daga ƙasarmu ce ta Rano da Kibiya.

Bari mu fara da tarihi. A zamanin Jihar Arewa majalisa biyu ke zama a Lugard Hall da ke Kaduna: Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna. Tsarin mulkin Richards na 1946 ya kafa su a matsayin masu ba da shawara, na Macpherson na 1951 ya ba su ikon yin doka. Majalisar Sarakuna ita ce ta sama. A cikinta Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi suka zauna, kuma Sarkin Gwandu Alhaji Haruna ya shugabance ta a shekarunta na ƙarshe. Sarkin Rano a lokacin hakimi ne a ƙarƙashin En'en Kano, saboda haka Sarkin Kano ke magana da yawun ƙasar baki ɗaya. Shirin doka, in ya fita daga hannun wakilai, sai ya sake bin matakansa a gaban sarakuna. Juyin mulkin Janairu 1966 ya rufe majalisun biyu. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, kowace jiha majalisa ɗaya aka ba ta, haka kuma tsarin mulkin 1999 ya tabbatar a sashe na 90.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Ba kuka muke yi a maido da Majalisar Sarakuna ba. Ba zaɓen mutanenta aka yi ba, kuma sukar da 'yan NEPU suka yi wa ikon sarakuna a wancan zamani tana da tushe. Amma ta yi wani aiki guda wanda ba ya bukatar kowa ya ƙaunace ta: ta sa doka ta kwana. Tsakanin majalisa ta farko da ta biyu akwai kwanaki, a cikin kwanakin nan labari kan isa ƙauye, mai ƙorafi ya yi ƙorafi, mai gyara ya kawo gyara. Da aka rushe ta, nauyin jinkirin nan ya koma kan ƙa'idojin majalisa guda ɗaya tak.

Mene ne waɗannan ƙa'idoji? Karatu na farko sanarwa ce, watau a gaya wa wakilai da jama'a cewa ga abin da ke tafe. A karatu na biyu ake muhawara a kan manufar shirin. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti, wanda ya kamata ya kira waɗanda abin ya shafa ya saurare su, ya bi shirin sashe-sashe. Karatu na uku shi ne amincewa ta ƙarshe. Tsarin mulki ya ƙara nasa sharuɗɗa. Sashe na 96 ya ce zama ba ya yiwuwa sai da kashi ɗaya cikin uku na wakilai. A Kano, mai wakilai 40, mutum 14 ke nan. Sashe na 100 ya ba Gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Sashe na 101 ya bar wa majalisa ta tsara ƙa'idojinta da kanta. A nan rauni yake, domin wanda ya ɗaure kansa da kansa yana iya kwancewa. Wakili ɗaya ya tashi ya nemi a jingine ƙa'ida, wani ya goya masa baya, sai a yi karatu uku a yini ɗaya.

To, ga abin da ya faru a ƙasarmu. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, kuma neman a maido mata da darajarta tsohon zance ne. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga ta tare da Gaya da Ƙaraye da Auyo a 1981, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. A watan Mayu 2019 aka kawo wa majalisa takardar koke ta neman sababbin masarautu. Shugaban majalisa a lokacin ɗan ƙasar nan ne, Alhaji Kabiru Alhassan Rurum, mai wakiltar Rano. Cikin kwana 3 aka gama komai, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu ran 8 ga wata. Rano ta sami sarki mai daraja ta ɗaya, Alhaji Tafida Abubakar Ila, da ƙananan hukumomi 10, har da Kibiya da Bunkure. Mutane da yawa a nan sun yi murna, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Amma sauri ya haifi nawa. Ran 21 ga Nuwamba 2019 Babbar Kotun Jihar Kano ta rushe dokar. A lura da dalilin: kotu ba ta ce Rano ba ta cancanci masarauta ba, cewa ta yi majalisa ba ta bi hanyar da ta kamata ba wajen yin dokar. Aka sake kawo shirin, aka zartar, Gwamna ya sa hannu ran 5 ga Disamba. Ran 23 ga Mayu 2024 wata majalisar, a ƙarƙashin wata jam'iyyar, ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. A watan Yuli 2024 kuma aka yi wata dokar da ta kafa masarautar Rano mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi 3: Rano, Bunkure da Kibiya.

Mu ƙirga. Daga Mayu 2019 zuwa Yuli 2024 matsayin ƙasar nan ya sāke sau 5. Mu tuna da manomi a Kibiya wanda rikicin gonarsa ya wuce gaban dagaci ya kai ga hakimi, yana so ya san fadar da zai ɗaukaka kukansa. Mu tuna da ƙaramin ma'aikaci a ofishin masarauta wanda bai san wa zai sa hannu a takardar albashinsa ba. Ba mu zo yanke hukunci tsakanin masu son masarauta biyar da masu son ɗaya ba. A cikin zauren nan ma akwai ɓangarorin biyu. Abin da ya haɗa mu shi ne, hanyar da aka bi aka ba mu a 2019 ita ce aka bi aka karɓe a 2024. Wanda ya yi tafi ran da aka jingine ƙa'ida dominsa, ba shi da bakin magana ran da aka jingine ta a kansa.

Ba lalle ne sai da majalisa ta biyu ake samun jinkiri mai amfani ba. A Amurka jihohi 49 suna da majalisa biyu-biyu, Nebraska kaɗai ke da ɗaya tun 1937. Da yake sun san haɗarin haka, sai suka rubuta a tsarin mulkin jihar cewa ba za a jefa ƙuri'ar ƙarshe a kan shirin doka ba sai bayan kwana 5 na zama daga ran da aka gabatar da shi. Wannan ba ƙa'ida ba ce da wakili zai tashi ya nemi a jingine. Irin wannan sharaɗi shi ya kamata masana shari'a daga cikinmu su nema a duk lokacin da aka buɗe gyaran tsarin mulki, musamman ga dokokin da suka taɓa sarauta, ƙasa da iyakoki.

Kafin wannan ranar akwai abin da ke hannunmu. Ɗalibai su riƙa zuwa kallon zaman majalisa, su nemi takardar jerin ayyukan rana, su fassara shirin doka da Hausa su kai gida lokacin hutu. Sashe na 97 ya yarda majalisa ta gudanar da aikinta da harshen jama'ar jiha ban da Turanci, in ta amince da haka. Mu riƙa tunasar da wakilanmu. In kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, mu rubuta takarda mu kai, ko da shafi ɗaya ce. Ku kuwa 'yan'uwa ma'aikata, gobe waɗansunku za su zama akawun majalisa ko masu rubuta doka a Ma'aikatar Shari'a. Ran da babba ya ce a gama yau, ku buɗe littafin ƙa'ida ku nuna masa shafin cikin ladabi, ku tuna masa da hukuncin Nuwamba 2019. Mai yiwuwa ya ƙi ji. Amma za a rubuta cewa an gaya masa, kuma irin wannan rubutu shi alƙali ke nema in rana ta ɓaci.

 Allah Ya zaunar da ƙasar Rano da Kibiya lafiya, Ya ba shugabanninmu haƙurin bin ƙa'ida.