AJIYE LITTAFIN BASHI WURI BIYU: JAWABIN DA AKA YI A TARON 'YAN KASUWA NA UNGUWAR LIMAN ABAJI, KEFFI

 

Mu dai ba masana kwamfuta ba ne, allo da Islamiyya muka yi, sannan muka shiga kasuwa. Amma a can muka koyi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Iyayenmu da suka zo Keffi fatauci daga Kano da Katsina da Zazzau a takarda suke rubutawa. Yau da yawanmu 'ya'yanmu sun mayar mana da lissafin cikin kwamfuta. To, rubutun da ke wuri ɗaya tak, an tsare shi ke nan?

Ga abin da ya sa muka tashi magana. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da hatsi, wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare ta ƙone masa na'ura. Sunayen masu bashi da na waɗanda suka ba shi ajiya duk suka tafi. Wasu sun ji tsoron Allah sun kawo, wasu kuwa har yau shiru. Shi kansa bai san adadin haƙƙin mutane da ke wuyansa ba, wannan ma ya fi damunsa.

Maganin layi ɗaya ne na rubutu. A Windows, a danna maɓallin tambarin Windows tare da R, a rubuta cmd, a danna Enter. Wata baƙar taga za ta buɗe, kada ta ba ku tsoro, umarni kawai take jira. A sa filashi, a duba harafin da na'ura ta ba shi, mu ce E. In fayil ɗaya ake so, sai a rubuta:

copy C:\Shago\bashi.xlsx E:\

Wannan umarni tsoho ne, tun zamanin MS-DOS da ya fito a 1981 yake aiki. Sai dai ba ya ɗaukar folda da 'ya'yan foldojin da ke cikinta. In shagon gaba ɗaya ake so, ga wanda ya fi:

robocopy C:\Shago E:\Shago /E

Robocopy yana cikin Windows tun daga Vista, ba sai an saya ba. Wannan /E ɗin yana nufin a haɗa da duk foldojin ciki, har da waɗanda babu komai a cikinsu. Masu Linux kuwa nasu cp -r ne.

Wani zai ce, don me ba za mu ja da linzami kawai ba? Dalili uku. Na ɗaya, layin ba ya canzawa, ana iya rubuta shi a takarda a manna a bango, yaron shago ma ya iya. Na biyu, gobe in aka sake bugawa, abin da ya canza kaɗai zai ɗauka, ya tsallake sauran. Na uku, in ya gama yana ba da lissafi: nawa aka kwafa, nawa aka tsallake, nawa suka ƙi.

Yanzu sai gargaɗi, a nan muke so a kasa kunne. Inda za a ɗauko shi ne farko, inda za a kai shi ne na biyu. Wanda ya juya su, tsohon lissafin filashi zai hau kan sabon da ke na'ura, kuma robocopy ba ya tambaya. Haka nan in wani ya ce ku ƙara /MIR, ku dakata: yana goge duk abin da ke wurin ajiya wanda babu shi a asali. In kuma sunan folda yana da tazara, kamar Bashin Bana, a sa shi tsakanin alamun zance, "C:\Bashin Bana".

Malamanmu in sun kwafi littafi da hannu ba sa rufewa sai sun yi muƙabala da na asali. Mu ma haka. A rubuta dir E:\Shago a ga sunaye da ranaku, sannan a buɗe fayil ɗin bashi daga filashin a gani da ido.

Shawararmu ita ce kowace Alhamis kafin a rufe shago a yi wannan, kuma filashin ya kwana a gida, ba cikin aljihun teburin shago ba. Gobara ko ɓarawo ba sa raba na'ura da abin da ke kusa da ita. Wanda bai gane ba ya tsaya bayan addu'a, yaranmu sun zo da kwamfuta za su nuna a aikace.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya raba mu da haƙƙin mutane. Wassalamu alaikum.