Inuwar Gawo Da Sanyin Fadama: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai



An ce in yi magana a kan sauyin yanayi, to amma ba zan kai ku nesa ba, a Musawa zan tsaya. Duk wanda ya yi kwanan makaranta tare da mu zai tuna da tsamiyar nan ta bayan ajinmu, inda muke rububin wurin zama in bazara ta yi tsanani. Taku goma ne tsakaninta da filin ƙwallo, amma kai ka ce gari biyu ne. To wannan shi masana ke kira ƙaramin yanayi, wato zafi ko sanyi ko laimar wani ɗan wuri da ya bambanta da na kewayensa. Gindin bishiya, da fadama, da kurmin bakin rafi, da tsagar duwatsu irin na wajen Malumfashi, duk suna ciki.

Abin da ya sa na damu da shi kuwa, a irin waɗannan wurare ne halittu ke fakewa in shekara ta yi muni. Mun ga farin 1973, mun ga na 1984. Tudu ya ƙone ƙurmus, amma kanya da ciyawar fadama suka rayu, fakara da kwaɗi da zuma suka sami mafaka, kuma daga nan suka sake bazuwa da ruwa ya dawo.

Bari in tona wa kaina asiri. Da na gaji gonar mahaifina, sai na sa aka sare gawo huɗu don tarakta ta ji daɗin huɗar auduga, ina ganin ai ni na yi boko. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ka kori baƙon da ba ya cin tuwonka." Gaskiyarsa. Gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi inuwa, dabbobi su kwanta a gindinsa su bar taki. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna inuwa irin tasa kan rage zafin ƙasa da kusan digiri 10, alhali zafin ƙasa ne ke kashe tsiron gero. Har yau wurin da na sare shi ne ke fara bushewa in ruwa ya ɗauke.

'Yan uwanmu na Maradi sun riga mu farga. Tun daga 1983, da shawarar wani Bature mai suna Tony Rinaudo, manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin toho biyu ko uku su girma. An ƙiyasta bishiya miliyan 200 ta dawo a gonakin Nijar ta wannan hanya, ba tare da an sayi dashe ba.

Roƙona ga ƙungiya, a bana mu je tsohuwar makarantarmu mu ƙirga bishiyoyin da suka rage, mu killace tohon da ke bakin fadama, kowane aji ya ɗauki nasa. Ni na ɗauki nauyin wayar shinge.