Ruth Okediji da haƙƙin makaho na karanta littafi

 

Yau labarin wata malama na kawo muku, Farfesa Ruth Okediji. Ƴar Nijeriya ce. A Jami'ar Jos ta fara karatun shari'a, daga nan ta wuce Harvard a Amurka, inda take koyarwa tun 2017. Fanninta shi ne dokar haƙƙin mallakar fasaha, wato dokar da ke faɗin wa ke da littafi, wa ke da waƙa, kuma wa ke da izinin kwafa.

To, mene ne ra'ayinta? A ganinta dole ne a kare mai fasaha ya ci guminsa, amma asalin dokar don ilimi ya yaɗu aka yi ta. In ta hana mabuƙaci karatu, ta kauce wa manufarta.

Ga misali. A da, a ƙasashe da yawa, in ka mai da littafi rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, ko ka karanta shi a murya ka raba ba da izinin mai shi ba, ka taka doka. Aika shi wata ƙasa kuwa, sai wata sabuwar wahala. Malamar nan tana cikin manyan waɗanda suka wakilci Nijeriya a tattaunawar da ta haifar da yarjejeniyar Marakesh a Maroko, a 2013. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2016, ta buɗe hanyar yi wa makafi irin waɗannan littattafai, su kuma tsallaka iyaka.

Amma fa ƴan'uwa, takardar da aka sa wa hannu a Maroko ba za ta karanta wa yaron Waca littafi ba. Kowannenmu ya san makaho a unguwarsu, wani ma mahaddaci ne, kaifin ƙwaƙwalwa ba a magana. Littafi nawa ya taɓa zuwa hannunsa?

Muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai. Mu tambaye su abin da dokarmu ta tanadar wa makafi. Kafin amsa ta zo, ai akwai waya a aljihunmu. Mu nemi izinin marubutanmu na Hausa, mu karanta littattafansu a murya, mu kai wa masu buƙata. Wanda ya shirya, ya ba da sunansa kafin mu watse.