'YAR TSANA DA DARAJARTA A WAJEN MASU ILMI

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Hanwa, Zariya)



Watakila wasu za su yi mamaki su ji an tara ɗaliban jami'a a kan zancen 'yar tsana, abin da ƙannenmu mata ke goyo a tsakar gida. To, Bahaushe ya ce raina kama ka ga gayya. Akwai al'ummar da manyan masananta suka shafe fiye da shekara ɗari suna tunani a kan wannan 'yar aba, wato masu magana da harshen Jamusanci.

A 1816 marubucinsu Hoffmann ya wallafa labarin wani ɗalibi, Natanayel, wanda ya kamu da son Olimfiya, 'yar malaminsa. Yarinya ce kyakkyawa, ba ta musu, ba ta gajiya da sauraronsa. Ashe ba mutum ba ce, ƙera ta aka yi. Ranar da ya ga an ɓalle idanunta sai ya haukace. A 1906 wani likita, Jentsch, ya ce abin da ke tsorata mu game da irin wannan sura shi ne shakka, wato ko tana da rai ko ba ta da shi. A 1919 Freud na birnin Biyana ya sake duba labarin, ya ce tushen tsoron yana ɓoye cikin ƙuruciyar mutum. Hatta Barbie, wadda ta fito a Amurka a 1959, an kwaikwayo ta ne daga Lilli, wadda aka fara sayarwa a Jamus a 1955.

Yanzu mu dawo gida. Yarinyar Hausa takan sami 'yar tsanarta daga abin da ke kusa: karan dawa, ko laka, ko ƙashin akuya, ko tsumma a cusa masa auduga. Ita za ta yi mata kitso, ta ɗaura mata zane, ta goya ta. In ta ga dama ta tara ƙawaye a yi mata biki, a jera kayan ɗaki da gwangwani da marafen kwalba, a kai gara, a yi suna. A nan take koyon goyo da ɗinki da girki da zumunci, tun kafin ta san ƙofar makaranta. Ashe ke nan 'yar tsana ita ce makarantar farko, kuma iyayenmu mata ne suka tsara ta ba tare da allo ba. Manya ma ba a bar su a baya ba, don kuwa 'yan dabo sun daɗe suna wasa da 'yan tsana a bainar jama'a.

Addini bai yi shiru a kan wannan ba. Ya zo a cikin Buhari cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta, kuma da wannan ne malamai da yawa suka halatta wa yara mata su. Amma sura mai kama da mutum har yanzu abin magana ce a ƙasarmu, domin a 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana 'yan kasuwa tallan tufafi da mutum-mutumi mai kai.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, duk wanda ya zaga kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru zai ga 'yan tsanar roba da aka shigo da su, galibi farare masu gashin masara. A shekarun 1940 wasu masana biyu a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun nuna wa yara baƙar fata 'yan tsana farare da baƙaƙe, sai mafi yawansu suka zaɓi farar. Har Kotun Ƙolin ƙasar ta ambaci aikin Kenneth Clark a 1954, sa'ad da ta soke wariyar launi a makarantu. Yarinyar da ta tashi tana goyon abin da bai yi kama da ita ba, wane kyau za ta gani a madubi? Kayan aro ba ya rufe katara.

Wasu 'yan ƙasarmu sun farga. A 2007 Taofick Okoya ya fara fito da 'yan tsana baƙaƙe masu tufafin gida a Legas. Mu kuwa a nan Zariya muna da abin koyi, gama a 1958 ɗalibai irinmu, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane, suka ce lalle sai an haɗa fasahar gargajiya da ta zamani.

Saboda haka muna kira ga kowane ɗalibi, in ya je hutu, ya zauna da kakarsa ya rubuta yadda ake yin 'yar tsana a garinsu da yadda ake mata biki, ya kuma kawo samfuri. 'Yan'uwanmu na sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello su duba yadda za a ƙera ta da audugarmu, da araha. Ma'aikatan ilmi kuma su ba ta gurbi a darasin sana'ar hannu na firamare. Tsofaffin da suka san wannan fasaha suna ƙarewa, in muka yi sake za su tafi da ita.